Turancin Ragi Da Rushewa: Darasi Daga Tashar Kafanchan

Duk baƙon da ya sauka garin Kafanchan, hedkwatar Ƙaramar Hukumar Jama'a a kudancin Jihar Kaduna, ya ce a nuna masa abin da ya raya garin, ba inda za a kai shi sai tashar jirgin ƙasa. A nan ne dogon da ya taso daga Fatakwal, ya ratso Inugu da Makurɗi da Lafiya, ya rabu biyu, reshe ɗaya ya nufi Kaduna, ɗayan kuma ya hau tudu zuwa Jos. Cikin shekarar 1927 aka gama haɗa waɗannan layuka, kuma tun daga lokacin garin ya shiga cika da leburori da maƙera da akawuna da 'yan kasuwa daga kowace kusurwa ta Nijeriya, suka zauna tare da Fantswam da Kaninkon da Bajju da mutanen Kagoro da suka tarar a yankin. Cikin 1933 Sarkin Jama'a shi ma ya taso da fadarsa ya dawo Kafanchan.

Jirgin da ya kawo kaya da fasinja shi ne kuma ya kawo Turanci. Hausa ita ce harshen da ya haɗa kabilun yankin a kasuwa da kan hanya, amma takardar ɗaukar aiki da ta albashi da sanarwar da akan liƙa a allon ofis duk da Turanci ake rubuta su. Kalmomin da ma'aikata suka fara koya na tafiya ne da ƙaruwa, har suka narke suka zama Hausa, kamar su reluwe, tasha, tikiti, fasinja, tarago, loko, birki, sigina da alawus. Na ƙarshe mai daɗi a cikin jerin shi ne ariyas, wanda ya shiga bakin kowa sa'ad da aka biya ƙarin albashin Udoji a farkon 1975.

Daga nan sai wani jerin kalmomi dabam ya fara bayyana a allon sanarwa da cikin ambulan, watau kalmomin ragi da yanka da rushewa. Ƙididdigar Hukumar Jiragen Ƙasa ta Nijeriya, wadda aka kafa cikin 1955, ta nuna cewa cikin 1964 jiragenta sun ɗauki fasinja fiye da miliyan 11 da kaya kusan tan miliyan 3. Shekara goma bayan haka fasinja sun koma miliyan 4 da 'yan kai, kaya kuma tan miliyan 1 da kaɗan. Garin da ke ci daga dogo tilas ya ji a jikinsa, saboda haka mutanen Kafanchan a aljihunsu suka fara sanin ma'anar waɗannan kalmomi kafin su gan su a ƙamus.

Dalilin da ya sa ya kamata mai karatu ya tsaya ya dube su ɗaya bayan ɗaya shi ne, kalmomin suna kama da juna kamar 'yan ɗaki ɗaya, alhali kuwa tsakanin wata da wata akwai fanshon mutum da tuwon iyalinsa.

Wa ya rage, me ya ragu?

Yaran sakandare na Kafanchan da Kagoro da Zonkwa da Kwoi, in sun zauna jarrabawar Turanci ta WAEC, akan ba su kalma a ce su zaɓi wadda ta fi kusa da ita a ma'ana. A irin wannan wuri yaro yana iya ɗaukar "reduce" da "decrease" da "diminish" tamkar abu guda, ya ci makinsa. Amma Hausawa sun ce kama da wane ba ta wane.

"Reduce" ita ce uwar ɗakin, ma'anarta rage, ko da mene ne kuma ko ta wace hanya. "Slash" zaftarewa ce da sara ɗaya, kamar yadda akan zaftare kasafin kuɗi. "Curtail" datsewa ce, a taƙaita abu kafin ya kai iyakarsa, kamar a ce jirgin da ke zuwa kullum ya koma zuwa sau biyu a mako. "Deplete" ita ce a yi ta ɗiba daga rumbu ba a zubawa har ya kusa zama wayam. "Dwindle" kuwa ƙanƙancewa ce sannu a hankali, irin ta rafi da rani, ba wanda za a kama a ce shi ya shanye.

A nan akwai wani abu da Bahaushe ya riga ya sani a harshensa. In yaro ya saki tulu, ana iya cewa yaro ya fasa tulu, ana kuma iya cewa tulu ya fashe. Ana cewa an rage, ana cewa ya ragu. Ana cewa an karya, ana cewa ya karye. Magana ta farko tana da mai aikatawa, ta biyu kuwa ta ɓoye shi. Haka Turanci yake. In sanarwa ta ce fasinja sun yi "decline" ko kuɗin shiga ya yi "dwindle", ta nuna kamar abin daga sama ya faɗo. In ta ce "cut" ko "slash", to akwai hannun da ya riƙe wuƙa. Mai karanta sanarwar hukuma ya fara da wannan tambaya tukuna: kalmar nan tana da mai aikatawa, ko kuwa an zaɓe ta ne don kada a ambace shi?

Kalma huɗu, makoma huɗu

Inda bambancin ya fi tsanani shi ne takardar rabuwa da aiki. A bakin jama'a duk wanda ya dawo gida da ambulan an ce an kore shi ko an sallame shi. A idon doka kuwa akwai kalmomi huɗu, kowace da inda take kai mutum.

Ta farko "dismiss". Wannan ita ce kora ta ainihi, saboda laifi, kamar sata ko barin aiki ba izini. A ƙarƙashin tsohuwar Dokar Fansho mai lamba 102 ta 1979, wanda aka kora ta wannan hanya ya yi asarar fansho da garatuti, kuma da wuya ya sake samun aikin gwamnati.

Ta biyu "terminate", watau a kawo ƙarshen yarjejeniyar aiki, ko da ba laifi. Dokar Ƙwadago ta 1974 ta ce sai an ba da notis gwargwadon daɗewar ma'aikaci: kwana 1 ga wanda bai wuce wata 3 ba, mako 1 ga wanda ya wuce wata 3 amma bai kai shekara 2 ba, mako 2 ga mai shekara 2 zuwa 5, wata 1 ga mai shekara 5 ko fiye. In ba a ba da notis ba, a biya kuɗin kwanakin a madadinsa.

Ta uku "retire", wadda ta zama ritaya a Hausa. Ko da ritayar dole ce, haƙƙin mutum yana nan. Dokar 1979 ta ce mai shekara 10 a bakin aiki yana da garatuti, mai shekara 15 yana da fansho har da garatuti. Cikin 1992 aka sassauta, aka mai da su shekara 5 da shekara 10. Mai karatu ya auna da kansa halin leburan dogo biyu da aka sallama rana ɗaya cikin shekarun 1980, ɗaya da shekara 15 cif, ɗaya da shekara 14 da 'yan watanni. Na farko yana da abin karɓa kowane wata har ƙarshen ransa, na biyu kuwa kuɗin da aka damƙa masa sau ɗaya shi ke nan.

Ta huɗu "redundant", da 'yar'uwarta "retrench". Asalin "redundant" daga Latin yake, daga kalmar da ke nufin ruwa ya cika ya tumbatsa. Ma'aikacin da aka kira da wannan suna ba a ce ya yi laifi ba, an ce ne ya zama rara. Misali mafi sauƙi a reluwe yake. Lokacin da injin dizal ya maye gurbin injin gawayi, mai zuba gawayin Inugu a cikin wuta bai yi wa kowa laifi ba, aikin ne ya ɓace daga ƙarƙashinsa. Sashe na 20 na Dokar Ƙwadago ya ɗora wa mai ba da aiki abu uku a irin wannan hali: ya sanar da ƙungiyar ma'aikata dalili da yawan waɗanda abin zai shafa, ya bi ƙa'idar na ƙarshen shiga shi ne na farkon fita tare da duba ƙwarewa da riƙon amana, kuma ya yi iyakar ƙoƙarinsa a daidaita kan kuɗin sallama. Sai dai a lura, dokar ta fi shafar leburori da ƙananan akawuna, manyan ma'aikata da ƙwararru kuwa takardar yarjejeniyarsu da ƙa'idojin aikin gwamnati ne ke magana a kansu.

"Retrench" daga Faransanci ta zo, daga kalmar da ke nufin yanke ko datse. A Ingila ma'anarta ta asali ita ce mutum ya rage kashe kuɗi. A Nijeriya da Indiya da Afirka ta Kudu ne ta fi zama sunan rage ma'aikata. Watau kalmar da aka yi don yanke kuɗi ita aka juya kan mutane.

'Yan Nijeriya sun ga yadda waɗannan kalmomi ke aiki cikin 1975, sa'ad da gwamnatin Janar Murtala Muhammed ta raba ma'aikata fiye da 10,000 da aikinsu, wasu ta hanyar kora, wasu ta hanyar ritaya, duk kuma nan take. Cikin 1984 gwamnatin Janar Muhammadu Buhari ta kafa doka mai lamba 17, wadda ta ba hukuma ikon korar ma'aikaci ko yi masa ritaya, ta kuma hana kotu sauraron ƙara a kai. A wancan zamani kalmar da aka buga a layi na biyu na takarda ita ce hukuncin ƙarshe.

Zamanin tsuke bakin aljihu

Bayan kalmomin da ke rage mutum ɗaya, sai waɗanda ke rage ƙasa baki ɗaya. Cikin watan Afrilu na 1982, da farashin man fetur ya faɗi a kasuwar duniya, gwamnatin Alhaji Shehu Shagari ta fito da matakan da aka kira "austerity". Asalin kalmar daga Girkanci ne, tana nufin abu mai bauri da ke busar da harshe. Masu fassara labarai a rediyo da jaridun Hausa suka ce tsuke bakin aljihu, kuma wannan fassara ta zauna daram, domin kowa ya san aljihu, ya san tsukewa.

Cikin 1986 gwamnatin Janar Ibrahim Babangida ta kawo shirin da kowa ya sani da SAP. Kalmar Turancin da ke bayyana manufarsa, "adjustment", mai taushi ce ƙwarai, irin wadda akan faɗa wa fasinja a mota in ana so ya gyara zama. Amma a ƙarƙashinta akwai "devalue", wadda Hausa ta kira da sunanta, karya darajar naira. Cikin 1985 naira ɗaya ta fi dalar Amurka ɗaya. Da aka buɗe sabuwar kasuwar canji cikin watan Satumba na 1986, sai dala ɗaya ta haura naira 4. Ga hukumar da ke sayen injuna da kayan gyaransu daga ƙasashen waje, wannan yana nufin kuɗin da da zai gyara inji huɗu yanzu ɗaya zai gyara.

A wannan zamani ne kuma "rationalise" ta yi tashe. Tushenta kalmar da ke nufin hankali da lissafi, saboda haka a zahiri ma'anarta a tsara abu bisa hankali. Wa zai yi gardama da hankali? A aikace kuwa, a ma'aikatu da kamfanonin gwamnati, abin da take nufi shi ne a haɗe sassa, a rufe wasu ofisoshi, a rage mutane. Mai fassarar da ya ce za a daidaita ma'aikata bai yi ƙarya ba, amma bai gaya wa mai sauraro cewa ya fara neman gona ba.

Manoman kudancin Kaduna su ma sun sami tasu kalmar a shekarar. Cikin 1986 aka yi wa hukumomin cinikin amfanin gona guda shida abin da Turanci ya kira "scrap", watau aka soke su. Manomi ya sami 'yancin sayar wa wanda ya ga dama, amma kuma ya rasa tsayayyen farashin da akan yanka kafin kaka. Ko wannan riba ce ko hasara, har yanzu masana suna muhawara, amma kalmar kanta ba ta ɓoye kome ba, domin asalinta sunan guntayen abin da aka yar ne.

Abin da ke faruwa a loko

Kafanchan ita ce hedkwatar gundumar Arewa ta Tsakiya ta Hukumar Jiragen Ƙasa, kuma a irin wannan babbar mahaɗa akwai loko, inda ake duba injuna da gyara su. Makanikan loko suna da nasu jerin kalmomin, waɗanda in an jera su daki-daki sai su ba da labarin mutuwar inji tun daga ciwon farko har kabari.

Da farko inji ya yi "break down", ya lalace ya tsaya a hanya. Sai a jawo shi a yi masa "dismantle", a kwance shi gunduwa-gunduwa. Asalin wannan kalma tuɓe wa mutum alkyabba ne, daga baya aka yi amfani da ita wajen rushe ganuwar gari. Abin lura shi ne, kwancewa ba ɓarna ba ce, domin abin da aka kwance da tsari ana iya mai da shi. Ta bambanta da "demolish", wadda ita ce rusau, a baje gini har ƙasa, ta kuma bambanta da "destroy", hallakawa ba gyara.

In kayan gyara ba su zo ba, sai a shiga mataki na uku, "cannibalise". Kalmar daga sunan masu cin naman mutane take, kuma sojoji ne suka yaɗa ta a Yaƙin Duniya na Biyu. Ma'anarta a ciri kayan wani inji a sa wa wani, a kashe ɗaya don ɗaya ya rayu. Dabara ce ta mai neman mafita, amma duk ma'aikatar da ta mai da ita al'ada tana cin kanta ne, yau inji goma, gobe tara. Wanda aka gama cinyewa sai a rubuta masa "condemn", watau an yanke masa hukunci ba zai ƙara aiki ba. Daga nan ya zama "scrap", tsohon ƙarfe, rabon 'yan gwangwan.

Saura kalma ɗaya, wadda ba ta cikin tsarin hukuma, ita ce "vandalise". Ta samo asali daga sunan wata kabila ta Turai da ta washe birnin Rum cikin shekara ta 455. Ma'anarta ɓarnata kayan jama'a da gangan. Cikin 2021 'yan sandan Jihar Kaduna sun ba da sanarwar kama mutane da manyan motoci ɗauke da ƙarafan dogo a yankin Jama'a. Tsakanin "scrap" da "vandalise" takarda ɗaya ce tak, ta izini. Ƙarfen da hukuma ta yi gwanjonsa da wanda aka kwance da dare duk wuta ɗaya ke narka su, amma ɗaya ciniki ne, ɗaya sata. Matasan da akan ɗauka aikin loda irin wannan kaya ya kamata su san haka, domin in an zo kame ba a tambayar wanda ya ji Turanci.

Tsohon zance, sabuwar riga

Kalmomin ragi suna da wata ɗabi'a: da zarar jama'a sun gane ɗaya, sai a ɗinka mata sabuwar riga. "Downsize" a Amurka ta fito cikin shekarun 1970, lokacin da tsadar mai ta sa kamfanoni suka koma ƙera ƙananan motoci. Cikin shekarun 1980 aka ɗauke ta daga mota aka ɗora wa ma'aikata. Da ita ma ta yi ƙaurin suna, sai aka fito da "rightsize", watau a mai da abu daidai girman da ya dace da shi. Wannan kalma ta riga ta yanke hukunci tun kafin a fara magana, domin ta nuna cewa girman da ake da shi a da kuskure ne.

Jihar Kaduna ta ji waɗannan kalmomi a zamanin Gwamna Malam Nasiru El-Rufa'i. Cikin watan Yuni na 2017 gwamnati ta yi wa gundumomi abin da ta kira "restructuring", sake fasali. A lissafi, hakimai 390 suka koma 77, kamar yadda suke kafin 2001, aka sauke hakimai 313 da dagatai 4,453. Hujjar gwamnati ita ce ƙananan hukumomi ba za su iya ɗaukar albashinsu ba. A kudancin jihar, inda al'ummomi da yawa suka daɗe suna neman masarautu da gundumomin kansu kafin su samu, abin ya taɓa mutane ƙwarai. Cikin 2021 kuma aka sallami dubban ma'aikata da sunan "rightsizing", aka yi amfani da kalmar "disengage", wadda a wurin makanike take nufin a raba giya da inji. Gwamnati ta ce albashi yana cinye mafi yawan abin da jihar ke samu daga asusun tarayya. Ƙungiyar Ƙwadago ta Nijeriya a ƙarƙashin Kwamared Ayuba Wabba ta ce kora ce kawai, ta shiga yajin aiki cikin watan Mayu na shekarar.

Kowane ɓangare yana da hujjarsa, kuma ba nan ne wurin raba gardamar ba. Abin da ya shafi harshe shi ne, "disengage" ba ta cikin kalmomi huɗun nan da doka ta san hukuncinsu. Wanda ya gan ta a takardarsa bai san matsayinsa ba tukuna, sai ya karanta gaba ya ga ko ritaya ake nufi, ko rara, ko ƙarshen yarjejeniya.

Ba kowace tsagawa ce hasara ba

Kada mai karatu ya ɗauka duk kalmomin fasawa na baƙin ciki ne. In aka bar tasha aka nufi Kwoi ko Kachia ko Kagarko da kaka, za a tarar da citta shanye a rana, wadda ta sa sunan kudancin Kaduna ya kai kasuwannin duniya. A cinikin citta akwai "split", wadda aka tsaga biyu a tsaye don ta bushe da wuri, akwai "peeled", wadda aka kankare bayanta, kowace da farashinta. In aka niƙa ta zama gari, ko aka tatsi manta, daraja ta ƙaru. A nan rage girman abu shi ne ƙara masa kuɗi.

A wannan fage Hausa ba ta bin Turanci bashi. Matar da ke aikin hatsi ta san bambancin sussuka da surfe da ɓarza da daka da niƙa, ba za ta taɓa musanya ɗaya da ɗaya ba. Mai itace ya san sara da faskare da tsaga. Mai gini ya san rushe da baje da kwance. Harshen da ke da wannan arziki ba shi da uzurin fassara kalmomin hukuma goma da kalma ɗaya.

Manoman citta sun kuma gamu da kalma mafi nauyi a jerin. Cikin daminar 2023 wata cuta ta faɗa wa gonakin citta a Kachia da Kagarko da Jaba da maƙwabtansu, ta ruɓar da amfani mai yawa. Irin wannan ɓarna ce Turancin yau ke kira "decimate". A asali hukunci ne na sojan Rum, inda akan kashe mutum 1 cikin kowane 10 na rundunar da ta yi tawaye. Yau kalmar tana nufin hallaka mafi yawa. Ga manomin da ya rasa iri da jari a shekara guda, ma'anar yau ita ce ta dace da shi.

Abin da ya kamata a riƙe

Tun cikin 1965 Neil Skinner ya fitar da Kamus na Turanci da Hausa, cikin 1990 kuma Roxana Ma Newman ta fitar da wani mafi girma. Ƙamus yana da amfani, amma iyakarsa ya faɗi ma'ana, ba zai faɗi haƙƙi ba. Saboda haka duk wanda takarda irin wannan ta zo hannunsa, kada ya sa hannu a kan abin da bai gane ba. Ya kai wa wakilin ƙungiyarsa ko lauya, ya tambayi wace ce daga cikin kalmomi huɗun nan ake nufi, kuma kada ya yi jinkiri, domin ƙara tana da wa'adi. Shari'ar aiki tana hannun Kotun Ma'aikata ta Ƙasa, wadda gyaran tsarin mulki na 2010 ya ƙarfafa ikonta. Wanda ke cikin sabon tsarin fansho na adashi ya sani cewa dokar 2014 ta ba wanda ya rasa aiki, ya yi wata 4 bai sami wani ba, damar cire har kashi 25 cikin 100 na abin da ke asusunsa.

Akwai kuma kalmar fasawa guda ɗaya da ke bayan ma'aikaci, ita ce "breakdown". Ban da lalacewar inji da watsewar sulhu, tana nufin a farfasa lissafi dalla-dalla. In an miƙa wa mutum jimlar kuɗi an ce haƙƙinsa ke nan, yana da ikon ya ce a farfasa masa: nawa ne garatuti, nawa ne kuɗin notis, nawa ne na hutun da bai je ba, nawa aka cire kuma don me. Kuskure da ha'inci duk a cikin jimla suke ɓuya.

Masu fassara a rediyo da jarida su ma suna da nasu nauyin. In sanarwa ta zo da kalma mai taushi, a fassara ta, sa'an nan a ƙara da abin da za a yi a aikace, mutum nawa, daga yaushe, da me za su tafi.

A shekarun baya-bayan nan masu zuwa tashar Kafanchan sun fi ganin taragu a tsaye, tsatsa tana cinsu. Sabon dogon Abuja zuwa Kaduna da aka buɗe cikin 2016 ta Jere ya bi, bai biyo ta nan ba. Cikin watan Maris na 2021 Gwamnatin Tarayya ta ƙaddamar da aikin gyaran layin Fatakwal zuwa Maiduguri, wanda Kafanchan ke tsakiyarsa, kuma cikin 2024 jirgi ya fara zirga-zirga tsakanin Fatakwal da Aba. Daga Aba zuwa Kafanchan da sauran tafiya.

Ita kanta "reduce", uwar ɗakin waɗannan kalmomi, ba da ragi ta fara ba. A Latin ma'anarta a komar da abu inda yake, kuma har gobe likitoci da ita suke kiran mai da karyayyen ƙashi mazauninsa, abin da Hausawa ke kira ɗori. Mutanen Kafanchan sun ga ma'anarta ta ragi shekara da shekaru. Ta ɗorin ce suke jira. Allah ya nuna musu.